Inda Littafin Haraji Yake Kwana a Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lissafin harajin Damagaram a kan mutane yake. Hakimi ya san garuruwansa, dagaci ya san gidajensa, fadawa kuma sun san wanda ya kawo da wanda ya yi nawa. Zakkar hatsi a dami ake ƙirga ta, jangali a kan shanu, ayarin da ya sauko daga Agadas ko ya taso daga Kano ya biya nasa kafin ya wuce. Daga abin da aka tara ake ware gaisuwar Barno, a kuma ciyar da ginin ganuwar Birni. Malaman fada suna rubuta wasiƙu da Larabci, amma wanda ake bin sa wuri dubu biyar shaidu ne gatansa.

Faransawa sun ci garin a 1899, suka zo da lanho, harajin kai, tare da rajista. Nan abin ya sauya. Kumandan ya fita rangadin ƙidaya, a jera magidanta, a rubuta mata da 'ya'ya da dabbobi, littafin ya koma ofis a kulle. Sarakuna ke karɓa, amma alƙalumman na wani ne. Suna in ya shiga, fitarsa aiki ce: mutum ya mutu ko ya tsallaka Najeriya, danginsa su ci gaba da biya sai an sake ƙidaya. Ko da aka mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, tsarin bai motsa ba, kuma ya rayu bayan 'yancin kai na 1960. Sai a mulkin Seyni Kountché aka soke wannan haraji.

Kwamfuta ta fara shigowa ne da tsohuwar cuta. Kowane ma'aikaci da fayil ɗinsa a injinsa, a kwafa a filas a kai wa na kusa, a wayi gari da lissafi uku na ɗan kasuwa ɗaya. Maganin da duniya ta samo shi ne rumbu guda a kan layin sadarwa, dabarar da kamfanin Sun na Amurka ya yaɗa tun shekarun 1980. Ana kuma iya raba inji ɗaya ya yi aikin kwamfutoci da yawa, dukansu suna buɗe fayil daga wannan rumbu. Sharaɗinsa ɗaya: in wani yana rubutu, a kulle wa saura, in ba haka ba lissafi ya dagule.

Kan wannan tunani aka gina tsarin kwamfuta na SYDONIA na duwan da SISIC na hukumar haraji, inda lambar NIF ta mai biyan haraji ke bin ɗan kasuwa daga kasuwar Dole ta Damagaram har Yamai. A ganina ci gaba ne, don gyara ɗaya yana isa ko'ina. Sai dai rumbun na cin wuta, kuma da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a 2023, Damagaram na cikin garuruwan da suka ji a jikinsu.