Koto Mai Rai: Waiwaye a Kan Tarihin Su a Kogin Shari da Tafkin Chadi

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin duba wani ɗan ɓangare na sana'ar su wanda ba a cika kula da shi ba idan ana nazarin sana'o'in Hausawa, wato yadda masunci yake raya koto a cikin jirginsa. Koto shi ne abin da ake maƙala wa ƙugiya domin a yaudari kifi ya haɗiya. Yana iya zama tana, ko fara, ko curin dusa, ko kuma ƙaramin kifi. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya dame mu a nan, domin akwai manyan kifaye, musamman giwan ruwa, waɗanda suka fi kai bara ga abin da yake motsi. An ɗauki birnin Injamena a matsayin farfajiyar nazarin, daga bakin kogin Shari zuwa unguwar Lamaji da ke arewacin birnin. Lamaji ba a bakin ruwa take ba, an ma fi saninta da babbar maƙabartarta. To amma ta wajen nan ne hanyar arewa take fita zuwa Jarmaya, daga can a karkata zuwa Dandi da Gite a kudancin Tafkin Chadi, inda ake sauke kifin da birnin yake ci.

2.0 Kogi, Birni da Zuwan Hausawa

A daidai Injamena ne kogin Logon yake haɗuwa da Shari, daura da garin Kusuri na Kamaru. A nan aka gwabza yaƙin ranar 22 ga Afrilu, 1900, wanda Rabe da kwamandan Faransa Lamy suka mutu a cikinsa. A shekarar ne Faransawa suka kafa Fort-Lamy, sunan da bakin Bahaushe ya mayar Fallomi, kafin a sake masa suna zuwa Injamena a 1973.

Tun kafin zuwan Turawa, Kotoko ne masu wannan ruwa. An san su da wani babban jirgi da ake kira zemi, mai ɗauke da ƙatuwar koma a goshinsa, wadda ake tsomawa a ɗaga. A cikin tafkin kuwa Buduma ne, da jiragensu na ciyawar ruwa da ake ɗaurewa dami-dami. Hausawa baƙi ne a nan. Wasu hanyar hajji ta ƙasa ce ta kawo su suka yada zango, wasu fatauci, wasu kuma, kamar Kabawa da Sarkawa, ruwan ne da kansa ya jawo su. Yawansu ya ƙaru sosai bayan da zaren roba ya shigo a wajejen 1960, cinikin banda ya buɗe zuwa kasuwannin Nijeriya ta hanyar Baga da Maiduguri. Sun zo da kayan aikinsu da sunayensu: birgi, kalli, taru, fatsa, mamari. Ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin da ke tsakanin mamari da igiya mai koto. Mamari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi tsirara, kusa da kusa, kifi ne yake gogar su su kama shi a jiki. Ita kuwa igiya mai koto, ƙugiyoyinta manya ne, nesa da juna, kuma kowace sai an ciyar da ita. Ke nan mai mamari babu ruwansa da matsalar da muke magana a kai.

3.0 Raya Koto a Cikin Jirgi

Matsalar ita ce iska. Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, kuma gwargwadon ɗumin ruwa gwargwadon ƙarancinta. Lita guda ta ruwa mai zafin digiri 20 tana iya riƙe kimanin miligiram 9, amma a digiri 30 ba ta wuce 7.5. A lokaci guda kuma zafin yana sa jikin kifin ya ƙara buƙatar iskar. Duk wanda ya san bazarar Injamena, inda zafin rana yake haura digiri 40 a watan Afrilu, zai gane abin da zai sami ƙananan kifaye ashirin da aka zuba a ƙwarya aka ajiye a rana. Da farko za su taso sama suna buɗe baki, sannan su kife, farin cikinsu ya dubi sama.

Masunta ba su jira masana kimiyya sun auna musu wannan ba. Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce a bar koton a cikin kogin: a zuba shi a ɗan kwando mai murfi, ko a gora da aka huhhuda, a ɗaura a gefen jirgi, ruwa yana shiga yana fita. Aibinta shi ne tana jan jirgi baya idan ana tuƙi, kuma idan aka yi sauri sai ruwa ya riƙa buga kifayen da jikin kwandon har su galabaita. Saboda haka a kan doguwar tafiya akan ɗauko su a sa a mazubi cikin jirgi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu domin inuwa, yaron jirgi yana kwashe tsohon ruwa yana zuba sabo. Da jarkar roba ta yawaita, sai ta maye gurbin gora, amma aikin bai sauya ba. Masu su don nishaɗi a Turai da Amurka suna amfani da ɗan inji mai batir da yake hura iska a bokiti. A ganina injin nan bai zo da wani sabon ilimi ba, yaron jirgi kawai ya hutar.

Akwai kuma ladubban taɓa koto. Ba a cunkusa shi da yawa a mazubi ɗaya, ana cire wanda ya mutu nan take kafin ya ɓata ruwan, kuma ana jiƙa hannu kafin a kama shi domin kada a goge yauƙin da yake kare fatarsa. Wajen sa ƙugiya kuwa, ana soka ta a gadon baya ba tare da an taɓa ƙashin tsakiya ba, ko kuma a leɓe, domin kifin ya ci gaba da iyo.

Amma babban ilimin yana wajen zaɓe. Kawara tana da ƙyalli, manyan kifaye suna sonta, sai dai ba ta da juriya ko kaɗan. Karfasa ta fi ta dauriya. Ɗan tarwaɗa kuwa ya fi su duka, domin yana da wata gaɓa a cikin kansa da take ba shi damar shaƙar iskar sarari, har yakan daɗe a raye a ɗan ruwan da ya taru a gindin jirgi. Wannan jeri, kawara, karfasa, tarwaɗa, ya kamata mai karatu ya riƙe shi, domin zai sake ganin sa.

4.0 Lokacin da Tafki ya Zama Ƙwarya

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Shekara guda bayan haka aka kafa Hukumar Tafkin Chadi a Fort-Lamy, kuma a shekarar ne Blache ya fitar da littafinsa a kan kifayen yankin. Tafkin ba shi da zurfi, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da yake shiga cikinsa daga Shari yake zuwa. Da farin 1972 da 1973 ya zo, sai tafkin ya rabu biyu, arewa da kudu, tudu da ciyawa suka shiga tsakani. Ɓangaren arewa ya rasa mai ciyar da shi, ya yi ta ƙafewa har ya bushe a 1975.

Masanan cibiyar bincike ta ORSTOM da suke aiki a Injamena, irin su Bénech da Quensière, sun bi diddigin abin da ya sami kifaye a waɗannan shekaru. Ruwa ya ragu, ya yi ɗumi, ruɓaɓɓiyar ciyawa ta shanye iskarsa, kifaye suka yi ta mutuwa tuli-tuli. Waɗanda suka fara tafiya su ne na sararin ruwa: kawara, tsage da giwan ruwa. Waɗanda suka rage su ne na fadama: karfasa, bargi, gaiwa da tarwaɗa. Wato jerin nan da yaron jirgi ya sani a ƙwaryarsa shi ne ya auku a tafki guda. Abin ya shafi sana'ar kai tsaye. Giwan ruwa, wadda takan haura kilo 100 kuma domin ta ake wahalar raya koto, ta koma ragowar sararin ruwan kudu da cikin kogin Shari. Tarwaɗa, wadda ƙanananta suke zama koto, ta zama ita ce kan gaba a cikin banda. Bayan farin 1984 sai gura, wato tarkon nan da aka danganta da masuntan Mali, ta bazu a tafkin, ana jera ta a tare mashigin ruwa, abin da ake kira dumba. Gura ba ta buƙatar koto mai rai, dusa ta ishe ta.

Don kwatance, a Tafkin Biktoriya da ke gabashin Afirka lamarin ya bi akasin wannan hanya. An kai giwan ruwa can a shekarun 1950, ta mamaye tafkin a shekarun 1980, har buƙatar koto ta sa ana kiwon 'ya'yan tarwaɗa a gonakin kifi na Kenya da Yuganda domin a sayar wa masunta.

A yankin Shari kuwa ambaliya ce gonar koto. Idan Logon ya cika ya malala cikin fadamun da ake kira yayire a arewacin Kamaru, nan ƙananan kifaye suke girma, sannan su biyo ruwa idan ya fara janyewa. Madatsar Maga da aka gina a 1979 ta rage wannan malala ƙwarai. Harin da aka kai Baga a watan Janairun 2015 kuma ya tarwatsa masunta da yawa, ya durƙusar da cinikin banda na tsawon shekaru. Ruwan kansa bai ci gaba da raguwa ba kamar yadda ake yawan faɗa: a 2022 da 2024 Shari ya cika har ya shiga unguwannin Injamena ya raba dubban mutane da gidajensu, ya kuma cika fadamun da ƙananan kifaye suke ƙyanƙyashewa.