Me ya sa gidan ƙasa ya fi sanyi a birnin Kano?

A watan Afrilu zafin rana a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, amma wanda ya shiga soron Gidan Makama da tsakar rana zai tarar da sanyin da ba a samu a ɗakin kwano.

An gina wannan gida ne da tubali da azara tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa.

Masana kimiyya na danganta sanyin da abin da ake kira ƙarfin riƙe zafi, wato yawan zafin da kilo ɗaya na wani abu zai sha kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri ɗaya.

Wani masani ɗan yankin Sikotland, Joseph Black, shi ne ya fayyace batun a wajajen 1760. Ana auna zafin da ma'aunin jul.

Kilo ɗaya na ruwa yana bukatar jul kusan 4,200, busasshiyar ƙasa kimanin 900, ƙarfe kuwa kimanin 450 kacal.

Yadda ake lissafin

Ana ninka nauyin abu da ƙarfin riƙe zafinsa, sa'annan a ninka da yawan digirin da ɗuminsa ya ƙaru ko ya ragu.

Alal misali, bangon ƙasa mai tsawo da faɗin mita ɗaya, da kaurin rabin mita, yakan kai kilo 800. Kafin ɗuminsa ya ƙaru da digiri 10, sai ya sha 800 sau 900 sau 10, wato jul miliyan 7 da dubu 200.

Wannan ya zarce zafin da ake bukata a kai ruwa lita 20 daga digiri 30 zuwa tafasa, wanda bai cika jul miliyan 6 ba.

Shi kuwa kwanon rufi mai irin wannan faɗi, idan nauyinsa kilo 3 ne, jul 13,500 ya ishe shi. Bangon ya ninka shi fiye da sau 500.

Don haka kwano kan yi zafi cikin 'yan mintoci, yayin da bangon ƙasa kan ɗauki sa'o'i kafin zafin ya ratsa shi.

Ƙasa ko siminti

Siminti bai bambanta da ƙasa sosai ba wajen riƙe zafi. Bambancin yana ga kauri da nauyi, domin bulo siriri ne kuma yana da rami a ciki.

To amma zafin da bango ya sha da rana ba ɓacewa yake yi ba, yakan sako shi da dare.

A lokacin hunturu wannan alheri ne, domin ɗaki kan kwana da ɗumi. Da bazara kuwa yana cikin dalilan da ke sa mutane kwana a tsakar gida.

Ginin ƙasa dai yana bukatar yaɓe a kai a kai saboda ruwan damina, abin da ya sa magidanta da dama a cikin birni suka koma ga bulo da kwano.

Sai dai mai irin wannan gida yakan dogara da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, a birnin da wutar lantarki ba ta wadata ba.