Daga Yatsan Wanzami Zuwa Hoton Asibiti

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ɗambatta har Bichi da Kunci, inda gona ke manne da gona kuma ba a yin nisa ba a ga gida ba, mutanen dā ba su da wata hanyar sanin abin da ke cikin kumatun majinyaci face idon tsohuwa da yatsan wanzami. Idan yaro ya wayi gari da kumburi a gindin kunne, ga zazzaɓi, kuma sa'o'insa na unguwa sun kamu, sai a ce hangum ne, a shafa masa abin da aka gada, bayan 'yan kwanaki ya miƙe da izinin Allah. Amma magidancin da ƙasan haɓarsa ke tasowa duk sa'ad da aka ajiye masa akushi, ya sace bayan ya gama ci, al'amarinsa yakan gagari masu ilmin gado, domin illar tana ɓoye, wato tsakuwa ce ta toshe magudanar yawu.

Tabiban Musulunci ba su gafala daga wannan babi ba, domin Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi bayanin kumburin ƙarƙashin harshe da yadda ake fiɗarsa a littafinsa Attasrif. Sai dai shi ma hujjarsa gani ce da taɓawa. Sai a 1895 Röntgen ya gano a Jamus hasken da ke ratsa tsoka, sa'an nan wajen 1925 likitocin Turai suka fara ɗura wani ruwa cikin magudanar yawu, don ta bayyana a hoto tare da inda ta toshe. Daga bisani aka sami sikanin, wanda ake goga kansa bisa fata ba yanka ba zafi, ya rarrabe tsakuwa da ruwa da tsiro.

Wannan hikima ta iso Kano, ana samunta a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da aka kafa a 1988, amma manomi yakan jinkirta har a kai amfani gida, alhali tsiron da ke girma ba ya jiran kaka. Saboda haka wajibi ne ga wanzamai, waɗanda har gobe su ake fara nuna wa kumburi, su tura duk wanda nasa ya daɗe bai sace ba a yi masa hoto tun da wuri.