Hanya da ruwa: tarihin hanyoyin mota a karkarar kudancin Nijar

Duk wanda ya taɓa bin hanyar jar ƙasa a Adar ko a Gobir cikin watan Agusta ya san abin da ido ke gani bayan an yi ruwa mai ƙarfi. A gefe guda ruwa ya kwanta cikin gonaki, hatsi ya tsaya cikinsa har ganyensa ya yi rawaya. A ɗaya gefen, daidai bakin wata ƴar gada, ƙasa ta tsage, kwazazzabo ya nufi fadama ɗauke da rairayi. Hanyar kuwa tana tsakiya, ta ɗaga bisa gonakin kamar ganuwa. Mai gonar sama yana kukan ruwa ya yi masa yawa, mai gonar ƙasa yana kukan gonarsa ta tafi, amma cikinsu babu mai yarda a ɗauke hanyar, don ita ke kai albasarsu kasuwa, ita ke kai mai naƙuda gidan likita. Wannan takaddama tsakanin hanya da ruwa tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi motar kanta.

Kafin zuwan Nasara, ruwa ne jagoran hanya. Madugu da zango yake lissafin tafiya, zango kuwa rijiya ce ko tabki. Ayarin gishiri mai saukowa daga Abzin zuwa Damargu da Tasawa, irin wanda Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo a ƙarshen 1850 da farkon 1851 kan hanyarsa ta Katsina da Kano, da fataken goro masu zuwa Gwanja, duk inda za su shayar da bisashe suke karkata. Raƙumi da jaki ba su bukatar a yi musu ciko. Sawunsu kan bi tudu ya kauce wa laka, in damina ta share shi rani ya maido shi. Babban zango kan cinye itace da ciyawar kewayensa, amma yana barin taki, kuma yana tashi.

Faransawa ma da ruwa suka fara karo. Yarjejeniyar da suka ƙulla da Ingila ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar wa Ingila abin da ke cikinsa. Da suka kama Damagaram a 1899, sai suka tarar hanyar da ta rage musu daga kogin Isa zuwa can ta bi ta arewa, inda rijiyoyi ke nesa da juna, ayarin soja da na abinci suna shan wuya da rani. Sai da aka koma shawara a 1904 da 1906, aka tura iyaka kudu, Ƙonni da Madawa da Maraɗi suka faɗo hannun Faransa. Ke nan ƙishirwar ayari tana cikin abubuwan da suka yanke inda iyakar Nijar da Najeriya ta bi, kuma layin da babbar hanya mai lamba 1 ke bi a yau, daga Dosso zuwa Damagaram, gadon wancan neman rijiya ne.

Da mota ta iso, musamman bayan an mayar da hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai kwamandoji suka bukaci hanyar da ƙafar mota za ta iya bi. Injin babu, kuɗi kaɗan ne, amma akwai talakawa. Dokar aikin tilas ta ɗora wa kowane baligi kwanakin aiki a shekara, sarakunan kanto ne ke tattaro mutane. Da gatari aka sare daji, da kwando aka ɗauki jar ƙasa a ka, wurin da rairayi ya yi yawa aka shimfiɗa kara da rassa. Irin wannan hanya ba ta da tsayi, ruwa kan bi ta kanta ya wuce abinsa. Kowace damina ƙoramu su yanke ta, kowace kaka a sake kiran mutane su gyara. A wancan zamani ruwa ne ke cin hanya, wuyan talaka ne ke biyan hasarar. Haka aka yi ta yi har dokar ranar 11 ga Afrilu 1946, wadda ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Gyaɗa ce ta ba hanyoyin kudu nauyinsu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano kafin yaƙin duniya na farko, gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Magariya can take nufa. A shekarun 1950 Faransawa suka shirya juyar da wani kashi nata yamma, ta Dosso da Gaya zuwa tashar jirgin Paraku a Dahome, aka gina gadar Gaya a 1958, sannan bayan samun ƴancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don sayen gyaɗa da fitar da ita. Duk inda babbar mota ta iya isa, sikeli ya bi ta, gonaki suka faɗaɗa, saura ta ragu. Hanya ba ita kaɗai ta jawo haka ba: akwai ƙaruwar jama'a, akwai lanho da sai da kuɗi ake biyansa. Amma ita ta nuna wa noma inda zai bi. Dokar ranar 26 ga Mayu 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa don kare makiyaya, shaida ce cewa tun a lokacin hukuma ta ga garma tana gaba.

A shekarun 1960 da 1970 aka shiga zamanin kwalta. Aka shimfiɗa ta daga Yamai zuwa Damagaram da taimakon kuɗin Turai, Kanada ta ɗauki nauyin yankin Gure zuwa Ingigmi na hanyar da aka raɗa wa suna Hanyar Haɗin Kai, sannan a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, kuɗin uraniyom ya gina hanyar Tawa zuwa Arlit ta Abalak da Agadas, mai tsawon fiye da kilomita 600. Lissafin injiniyan wancan lokaci a bayyane yake: nawa kilomita ɗaya zai ci, tan nawa zai bi ta kansa, shekara nawa zai yi bai fashe ba. Babu dokar da ta tilasta masa ya tambayi abin da zai sami gonar da ke gefe. Ko a ƙasashen da ke ba da kuɗin, abin sabo ne. Amurka ta fara wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli a 1970, Faransa a 1976.

Don kada ruwa ya ci sabuwar hanya, sai aka ɗaga ta bisa ciko. A nan lissafi ya juya. Ruwan sama a ƙasar Sahil ba ya jiran kogi, shimfiɗe yake gangarowa a kan fako da tudu, mai faɗi maras zurfi, yana tafe ƙasa tana sha. Ciko mai tsawon kilomitoci yakan tare wannan shimfiɗa kamar madatsa, ya kora ta gefen hanya har ta sami ƙofa. Ruwan da a da yake bazuwa bisa gonaki ashirin yanzu ta bututu ɗaya zai fita, da ƙarfin da ƙasa mai rairayi ba ta iya jurewa. Bakin bututun ya zama kan kwazazzabo. Kwazazzabon yana ci gaba da baya: ƙasa yana kwashe rairayi ya juye bisa fadama da tabki, sama yana cin gona har ya dawo ya ci gindin hanyar da ta haife shi. Ƙasar da ke gefensa kuma takan bushe da wuri, don ramin yana tsotse laimarta. A kwarin Majiya da na Tarka da tsaunukan Adar, inda gangare ya yi tsanani, damina ɗaya ta isa a ga wannan aiki. Hasarar da a da take kan wuyan mai kwando ta koma kan gona.

Ramukan da aka haƙi jar ƙasa suna da fuska biyu. Kamfani kan kwashe abin da yake so ya tafi, ya bar rami ba ciko ba shuka. In damina ta cika shi, ya zama kududdufi: sauro ya samu gida, tsargiya ta samu yara masu wanka, wani lokaci ma ruwan ya ci rai. Amma kuma makiyayi yana shayarwa a nan har cikin ɗari, masu bulo suna samun laka, wasu har sun kafa garka a bakinsa. Abin da aka bari bisa sakaci ya zama mashaya, kuma wannan ya nuna cewa da an zaɓi wurin ramin tare da mutanen gari, aka sassauta gangarensa, da amfanin ya fi haka, illar ta ragu.

Itace ma ya ji zuwan kwalta. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da aka ce Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya ɗora wa mai sare gawo. Injin share hanya bai san wannan doka ba, amma abin da ya tumɓuke kaɗan ne in an gwada da abin da manyan motocin itace suka kwashe bayansa. Jaki ba ya wuce tafiyar yini, mota kuwa tana kai wa dajin da ke nesa. A shekarun 1970 da 1980 dazukan da ke bakin hanyoyin shiga Yamai da Maraɗi da Damagaram suka yi ta komawa murhun birni, mutanen ƙauyen da dajin yake nasu ba su samun komai sai ƙura. Dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara ta yi ƙoƙarin mayar da iko da riba hannun ƙauyuka. A tudun Kure, gabas da Yamai, inda babbar hanya ta ratsa mazaunin raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma, sarar daji da farauta da fari sun rage su zuwa kimanin 50 a 1996, kafin kariya ta sa su haura 600 cikin shekaru ashirin da ƴan kai. Makiyaya kuma sun ga garuruwa suna tasowa zuwa bakin kwalta, gonaki suna biye, burtalin da ya gitta hanya yana ƙuntata har ya toshe, abin da kan ƙare da rigima lokacin girbi.

Farin 1973 da na 1984 ne suka sa hukuma ta dubi ƙasa da wani ido. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar ce kuma aka fara aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, inda dubban mutane, mafi yawansu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka datse ƙoramu. Darasin Keita shi ne ana iya rage wa ruwa gudu tun daga kan tudu. A 1989 Bankin Duniya ya wajabta binciken muhalli kan ayyukan da yake ba rance, taron Riyo ya biyo a 1992, tsarin dokokin karkara na Nijar ya fito a 1993. Sannan doka mai lamba 97-001 ta ranar 10 ga Janairu 1997 ta shigar da binciken illar ayyuka cikin dokokin ƙasa, doka mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba 1998 ta ƙarfafa shi, wata kuma ta ranar 14 ga Mayu 2018 ta sabunta ƙa'idodinsa. A takarda, kafin injin ya taɓa ƙasa sai an bayyana yadda wurin yake, an auna abin da aikin zai taɓa, an saurari jama'a, an rubuta yadda za a gyara ɓarna da wanda zai biya.

Wannan ci gaba ne na gaske. Manomin da hanya ta ci gonarsa yana da hujjar neman diyya, abin da kakansa mai ɗaukar kwando bai taɓa mafarki ba. Sai dai rahoton da Faransanci ake rubuta shi, sau da yawa da rani ake zuwa duba wurin, lokacin da ƙorama ba ta da bambanci da turbar shanu. Taron jin ra'ayi kan tsaya ƙofar maigari, mata masu garka a fadama da Fulani da Buzaye da suka tafi mashekari ba su nan. Kuma kuɗin gyaran ramuka da dashen itatuwa su ne na ƙarshe a jerin aiki, su ne na farkon ƙarewa. Ƙananan hanyoyin da ke haɗa ƙauye da kasuwa, waɗanda suka fi kusa da gonaki, su ne suka fi ƙarancin mai sa ido.

Ruwan kuma ya canza hali. Masana sun daɗe da lura cewa ko a shekarun fari, ruwan da ke gudu bisa ƙasar Sahil ƙaruwa ya yi, don ƙasa ta yi fako ba ta sha. Yanzu ga hadari masu sauke ruwan sati cikin dare ɗaya. A daminar 2024 ambaliya ta yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, ta rusa gidaje a Maraɗi da Damagaram. Gadar da aka auna da ruwan shekarun 1970 ba lalle ta ɗauki na yau ba.

Dabarun rage ɓarnar sanannu ne, an kuma gwada su a ƙasar nan. A gindin ƙorama ana iya kwantar da hanya bisa shimfiɗar siminti, ruwa ya bi ta kanta da faɗinsa, rairayin da ya taru a bayanta ya riƙe laima don rijiyoyin garka. Ana iya yawaita ƙofofin ruwa, a jera duwatsu a bakinsu, a bar gawo da kalgo su tsaya a gefe kamar yadda manoman Maraɗi suka yi a gonakinsu da sassaben zamani. Dukansu suna bukatar sani guda da taswira ba ta bayarwa: ina ruwa ya bi a shekarar da ya fi yawa. Wannan sani yana wurin tsohon da ya nome wurin shekara arba'in, da makiyayin da ya san tabkin da ke riga bushewa. Madugu ba ya tashi zango sai ya tambayi irinsu. Dokar 1997 ta maido wannan tambaya cikin aikin injiniya, kuma amfaninta ya rataya ne ga a yi ta tun ana shata layi, kafin a kafa turakun awo.