Lauyan Farko na Arewa

Idan ana tarihin Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, akan tsaya ne kan Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ni kuwa a wannan maƙala ina so in jawo hankalin masu karatu ga wani mutum da ya zauna nan Zariya, wato Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaƙ.

Asalinsa mutumin Ilori ne, amma a Anacha aka haife shi cikin 1927. Ya yi karatu a birnin Dublin, ya zama lauya a Landan cikin 1955, shi ne kuwa ɗan Jihar Arewa na farko da ya kai wannan matsayi. Da ya komo gida, sai ya kama aikin lauya a Zariya.

NPC jam'iyya ce ta masu ra'ayin riƙau, wadda ta jingina da sarakuna da En'e. To amma gardamar tsarin mulki da Turawa da 'yan Kudu ba ta yiwuwa da rawani kaɗai, sai da masanin doka. Saboda haka ya zama mai ba jam'iyyar shawara kan shari'a.

Babban gwaji ya zo a kan garinsu. A 1957 ƙungiyar Talaka Parapo, wadda ta haɗa kai da jam'iyyar Awolowo, ta rinjayi majalisar En'en Ilori, ta nemi a mai da ƙasar cikin Jihar Yamma. Abdulrazaƙ yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan a bar ta a Arewa. Hukumar Willink ta ba da rahotonta a 1958, iyaka kuwa ba ta motsa ba. Sai dai kada mu manta, a wannan shekara gwamnatin Kaduna ta rushe majalisar da talakawan suka zaɓa.

Daga baya ya yi jakada a Kwaddibuwa, ya yi minista a Ikko, ya kuma riƙe sarautar Tafidan Zazzau. Ya rasu a 2020.

A ganina darasin yana nan Sabon Gari, inda har yau akan kira wanda aka haifi kakansa a unguwar da sunan baƙo. Mutumin da Arewa ta dogara da shi ranar gardama da Yarbanci ya tashi. Ashe zama ɗan Arewa ba a harshe yake ba.