Kadandoniya Mai Dunƙulewa da Ruɗanin Masana

Manomin Madawa, ko Buza, ko Keita, ya san kadandoniya tun yana yaro. Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙasar Adar sai ta fito, wani lokaci har ta cinye irin hatsi ko na gyaɗa kafin ya tsiro. In an taɓa ta, sai ta naɗe kamar gammo. To, tana da wata ƴar'uwa gajeriya mai kauri, wadda babu ita a Afirka ta Yamma. Ita wannan, in ta ji tsoro, dunƙulewa take yi kamar bushiya. Mazauninta dazuzzuka masu danshi na kudancin Afirka, da Madagaska, da Indiya, da kudu maso gabashin Asiya, har zuwa Ostiraliya. Mafi girmansu tana Madagaska, dunƙulenta ya kusa kai lemu.

Wannan dunƙulewa ta daɗe tana ruɗin masana. A shekarar 1789, wani Bafaranshe mai suna Villers ya lissafa ƙaramar da ake samu a Turai cikin wasu ƙwari masu dunƙulewa, waɗanda asalinsu dangin ƙaguwa ne. Amma kama da wane ba wane ba ne: su ƙwarin ƙafa goma sha huɗu gare su, ita kuwa kusan kowace gaɓa tata ƙafa huɗu take ɗauke da su. A farkon ƙarni na 19 Latreille ya fitar da ita daga cikinsu. A 1833 kuma Brandt, Bajamushen da ke aiki a Rasha, ya ware manyan na ƙasashen kudu, ya raɗa musu suna Sphaerotherium.

Abin mamaki ya zo a 2009, lokacin da Wesener da VandenSpiegel suka nuna cewa na Madagaska sun fi kusanci da na Indiya, duk da tsibirin bai fi kilomita 400 da ɗoriya daga gaɓar Afirka ba. Dalili kuwa, Indiya da Madagaska a haɗe suke har zuwa kimanin shekara miliyan 88 da suka wuce, ita kuwa wannan halitta ba ta iya ƙetare teku.

Yau da dama daga cikinsu daji ɗaya kacal suka sani, ga shi ana ta sare dazuzzukan Madagaska. In dajin ya tafi, sun tafi, wasu tun ba a raɗa musu suna ba. Mutanen Keita, da suka duƙufa dashen itatuwa tun 1984 don ƙwato ƙasarsu daga hamada, sun san abin da ake rasawa in itace ya ƙare.