Ɓawon Sinkona da Buɗe Kogin Kwara

Duk lokacin da ake ba da labarin yadda Turawa suka ci ƙasar Hausa, daga bindiga ake farawa: igwar da ta fasa ƙofar Kano a Fabrairun 1903, da ruwan harsashin da aka yi a Giginya da Burmi. Ba ƙarya aka yi ba, sai dai an tsallake wata tambaya. Ta yaya Bature ya rayu a bakin kogi har ya kai ga ɗana kunamar bindigar? Shekaru ɗaruruwa jiragensu na tsayawa a gaɓar teku ba su kutso ciki ba. Sarakunan gaɓa da ba sa son a ƙwace musu dillanci sun tare hanya, amma babban mai gadin shi ne zazzaɓin cizon sauro. Abin da ya karya lagonsa ɓawon wata bishiya ce, sinkona, mai tsirowa a gangaren tsaunukan Andes na Peru da Bolibiya da Ekwado. Dangin kofi ce, wato 'yar'uwar gauɗe da giyayya da tafashiya na dajinmu. Idan aka daka ɓawon sai ya ba da gari ja-ja mai ɗaci kamar maɗaci, kuma daga cikinsa ake fitar da kwinin.

Tafiye-tafiye uku a kan Kwara sun isa hujja. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander suka shiga kogin da Turawa 48, tara kaɗai suka tsira. A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko jiragen tururi uku, da likitoci da masu wa'azi da niyyar kafa gona a mahaɗar Kwara da Binuwai. Daga Turawa kimanin 150, sama da 40 zazzaɓi ya kashe, sauran suka juya da kyar. A 1854 kuwa jirgin Pleiad, ƙarƙashin likita William Baikie, ya hau Kwara ya shiga Binuwai, ya yi wajen wata huɗu, ya fito babu Bature ko ɗaya da ya mutu. Kogin bai sauya ba, sauro bai yi hijira ba. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin ne kullum, tun kafin jiki ya fara zafi. Daga baya ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, ya je har Kano a 1862.

Mai musu zai ce ai Turawa sun san ɓawon tun ƙarni na 17, lokacin da limaman Jesuit suka kai shi Rum daga Peru, me ya hana shi buɗe kogin tun tuni? Amsar tana cikin yadda ake shan sa. Garin ɓawo ba shi da tabbas: wani buhu da ƙarfi, wani dusa, wani ma an gauraya shi da ɓawon wata bishiya daban. Sai a 1820 Pelletier da Caventou suka ware kwinin zalla a Paris, aka samu abin da za a iya aunawa. Ko bayan haka likitoci da yawa sun fi yarda da zubar wa majinyaci jini da ɗura masa maganin zaiba, kwinin kuwa sai zazzaɓi ya riga ya kwantar da mutum. Abin mamaki, Baikie bai san sauro ke kawo cutar ba. Sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Baikie dai ya ga abin da ke aiki ya riƙe.

Musu na biyu ya fi nauyi. Tsakanin 1854 da 1903 shekara 49 ce, kuma yawancin sojojin da suka bi Lugard, jagoran mamayar ƙasar Hausa, baƙar fata ne, Hausawa da Yarabawa, waɗanda ba kwinin ya tsare su ba. Bugu da ƙari, kwinin ba ya maganin shawara, wadda ita ma ta kashe Turawa da dama. Duk gaskiya ne, kuma ba a cewa ɓawo ya ci Sakkwato da yaƙi. Amma rundunar nan ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ita akwai kantuna a bakin kogi, da kamfanin George Goldie da ya samu izinin sarautar Ingila a 1886, da hafsoshi da akawuna da suka shekara a Lakwaja da Jebba suna ƙulla yarjejeniya da sarakuna. Kasuwanci da mulki suna buƙatar wanda zai zauna ya ga damina ta zo ta wuce, abin da ya gagara a 1841.

Tsawon jiran ma yana da nasaba da bishiyar. Muddin daga dajin Andes ake saro ɓawo, ana kayar da itace ba a dasa wani, kwinin na da tsada. Shi ya sa Ingila da Holan suka shiga farautar iri duk da hanin ƙasashen yankin: Clements Markham ya kai tsirrai Indiya bayan tafiyarsa ta 1860. Irin da ya fi kowane ƙarfi kuwa wani ɗan asalin Bolibiya ne, Manuel Incra Mamani, ya tara wa ɗan kasuwa Charles Ledger a 1865. Gwamnatin Ingila ta ƙi saye, Holan ta sayi kaɗan ta shuka a tsibirin Java. An kama Mamani a 1871, aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. A shekarun 1880 gonakin Asiya suka cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas, daidai lokacin da ake zaman Berlin na rabon Afirka. Zuwa shekarun 1930 Java ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na kwinin duniya, wani ofishi a Amsterdam ke yanke farashi, har Japan ta mamaye tsibirin a 1942.